Kwana Tara Muna Tafa wa Sifili

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, jim kaɗan bayan azahar, maigidanki ya kira ni ya ce rai ya yi halinsa. Ina zaune a teburinmu na bakin taga, kujerarki tana gefena. Yaya, yau kwana goma sha biyu ke nan, sai yanzu na iya rubuta miki wani abu, domin takaici ya fi hawaye yawa a zuciyata. Ina jin haushin ofis, amma na kaina ya fi.

Shekara bakwai muna aiki tare. Kamfaninmu yana ajiye bayanan marasa lafiya na ƙananan asibitoci. Kowace safiya manhajar bincike tana zagaya kwamfutocinmu, ta kawo duk ɓarakar da ɓarawo zai iya bi ya shiga. Ke kika rubuta kod ɗin, wato umarnin kwamfuta, da ke tattara su: akwatin bayanai guda ga kowace rana, a ciki akwai kwanan wata, da yawan sabbin ɓaraka, da masu tsanani, da waɗanda aka toshe. Daga akwatunan nan ake zana layin da ke kan babban allon ofis, wanda ake aika wa masu asibitocin.

Da na dawo daga hutun haihuwa kaina a toshe yake. Sati uku kina bin aikina kina gyarawa, ba wanda ya ji. Sai dai in tarar kin rubuta a gefe: "Ƙanwata, kin ƙirga ɓaraka ɗaya sau biyu. Ita ma haihuwa ta yi?"

Abu ɗaya ne ba a lanƙwasa ki a kansa. Duk ranar da binciken bai gudana ba, akwatinki ba ya rubuta sifili, sai ya rubuta "ba a duba ba", layin allo ya tsinke a nan. Manaja ya tsani wannan giɓin.

"Malama, ki sa sifili mana layin ya haɗe. Mutane suna ta tambaya."

"Ranka ya daɗe, sifili na nufin mun duba ba mu ga komai ba. Mun duba ne?"

Har muka laƙa miki suna Ba-a-duba-ba. Ni ma a raina na sha cewa taurin kanki ya yi yawa.

Kina kwance a asibiti manaja ya tsaya a kaina sai na sa sifili. Ban yi gardamar ko minti ɗaya ba, na canza layi guda a kod ɗin. Da na je gaishe ki, kika ce, "Ba ku taɓa min akwatuna ba ko?" Na ce suna nan yadda kika bar su. Kika daɗe kina kallona, sannan kika ce in miƙo miki ruwa.

Washegarin rasuwarki, tun ana zaman makoki, ofishin ma'aikata ya rufe asusunki na shiga kwamfuta. Wannan kam ba su yi jinkiri ba! Ba wanda ya tuna cewa da makullin asusunki manhajar binciken take shiga, sai ta tsaya cak. Akwatunan kuwa suka yi ta zuba sifili, kamar yadda na umarce su. Kwana tara. A taro manaja ya nuna allo yana washe baki, ya ce ba mu taɓa yin tsabta haka ba, ko marigayiya za ta yi alfahari. Ya ce a tafa. Yaya, na tafa.

Ranar Juma'a tsabtar ta ishe ni, na sa makullina na tayar da binciken. Ɓaraka arba'in da ɗaya. Uku masu tsanani, ɗaya ƙofa ce a buɗe hanhai zuwa bayanan wani asibitin haihuwa. Na toshe ta, amma ko wani ya riga ya leƙa sirrin matan nan, har yanzu ban sani ba.

Na mayar da layinki yadda yake. Gobe Litinin allo zai nuna giɓin kwana tara, kuma sunana ne a kan canjin da ya jawo haka. Na san manaja zai ce bai taɓa ba ni umarni a rubuce ba, kuma ba ƙarya zai yi ba. Ko da a bakin aikina ne, zan miƙe in faɗa da kaina kafin a tambaya. Wannan mai sauƙi ne. Ƙaryar da na yi miki a gadon asibiti ce ba ni da inda zan kai ta sai wajen Allah.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'yan matanki biyu, da mahaifiyarki da ba ta bar bakin gadonki ba har ƙarshe. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ta bari.

Ni kuma a taya ni da addu'a. Ƙarfe tara ne taron.