Kifi da Man Shanu a Kwanon Baffa

Shekarar da kuɗin man fetur suka cika gari, maƙwabtanmu a unguwar Kumbiya-Kumbiya suna ta sayen babur da firji, mu kuwa burinmu bai wuce mahaifinmu Baffa ya haɗiye loma ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a asibiti. An sallamo shi, amma bakinsa ya ƙi komai. Tuwo ɗaci, fura ɗaci, har kunun gyaɗa ɗaci. Mutumin da ke cicciɓar buhun auduga a tashar jirgin ƙasa, sai ga agogonsa yana zamewa har gwiwar hannu. Likita ya ce in bai fara ci ba a mayar da shi, shi kuma ya rantse ba zai sake kwana a ɗakin da wansa ya cika ba. Kullum sai a fito da kwanonsa yadda aka shiga da shi.

Lokacin ina hutu daga makarantar horon malamai, kaina cike da girkin da malamarmu, wata mutuniyar Kaltungo mai faɗan tsiya, ta koya mana. Ita ce ta ce ba abin da ke buɗe bakin mai jinya kamar farin kifi da lemun tsami. Na je kasuwa na zaɓo giwan ruwa daga hannun masu kawowa daga Dadin Kowa, na cire fata da ƙaya, na tsane shi da tsumma, na sa gishiri, na barbaɗa fulawa. Na ɗora kasko a risho. Sirrin dai kada ka taɓa shi sai ya saki kaskon da kansa, ni kuwa ranar hannuna ƙaiƙayi yake, na juya yankan farko da wuri ya dagargaje. Sauran suka fito jajir a baya, fari tas a ciki.

Na rage wuta, na saka man shanu, ina matsa lemu ina juyawa a hankali don kada su rabu. Ina zubawa a kan kifin ke nan mahaifiyarmu, da muke kira Dada, ta leƙo.

"Ke! Me nake gani? Man shanu a kan kifi?"

"Haka aka koya mana, Dada."

"A gidan Fulani? Kifi da abin da ya fito daga nono? Ciwon da ubanki ke ciki bai ishe ki ba, sai kin ƙara masa kuturta?"

Da wannan muka tashi. A gidanmu duk wanda ya ci kifi ba ya kusantar ƙwaryar nono sai washegari. Na ci wannan girkin a makaranta ban ga komai ba, amma wallahi da ta faɗa sai da na saci kallon yatsuna. Tsoro ya kama ni sosai. In na kai masa wani abu ya biyo baya, ni ce. In na zubar, gobe asibiti.

Muna tsaye cirko-cirko sai muka ji muryar Baffa daga ɗaki, can ƙasa-ƙasa.

"Me ke ƙamshi haka?"

Tun da ya kwanta bai taɓa tambayar abinci ba. Dada ta dube ni, ta dubi ƙofar. Ta karɓi kwanon daga hannuna ta shige, na bi bayanta.

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Dada ta ci abinci a gaban Baffa ba, kunya ba ta barin ta. Ranar ta wanke hannu, ta zauna a tabarmarsa, ta gutsuri kifin, ta dangwala shi sosai cikin man, ta yi bisimilla, ta runtse ido ta haɗiye. Sannan ta tura masa kwanon.

"Ci, Malam. In ma wani abu ne, ya same mu tare."

Ya ci. Ba da yawa ba, amma ya ci, har ya suɗe ɗan yatsa. Na fita bayan ɗaki na yi kukana.

Dada ba ta taɓa yarda cewa babu komai ba. Kowace safiya nakan hango ta a bakin rijiya tana juya bayan hannuwanta a rana, tana duba fatar. In ta gama, sai ta ciro man shanun da ta ɓoye a kwalla, ta ce in yi sauri kada kifin kirki ya ƙare a kasuwa.