Saura Kwana Tara Ka Zauna Jarrabawa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na maimaita wannan kalma har muryata ta dishe, amma ba zan yi maka ƙarya ba, Auta, zuciyata ba ta huce ba.

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan nan, bayan azahar, ƙanena ya cika a ɗakin masu ƙuna na asibiti, kwana ɗaya bayan gas ya fashe da shi a wani gidan burodi. Shekararsa talatin da ɗaya. Ya bar mata da 'ya ɗaya da tsohuwarmu. Shekara uku ya yi yana koyon aikin haɗa gas, saura kwana tara ya zauna jarrabawar samun takardar shaida.

Ni yayarka tela ce, amma yau na san aikinka fiye da yadda wasu za su so. Kai ka koya mini. Kullum da la'asar sai ka zo shagona, ka zauna kan buhun ƙyallaye, ka miƙo mini littafinka ka ce in yi maka tambayoyi. Ina taka keke ina karantowa.

"Ka shiga ɗaki ka ji warin gas, me za ka yi?"

"Yaya, ba kunnawa, ba kashewa. Kada a taɓa makunnin lantarki, ko na fitila ko na fanka. A fitar da mutane, a rufe kan tukunyar gas, a buɗe tagogi."

A bakinka na ji cewa gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya nemi rami ya taru. A bakinka na ji cewa sabon bututu ba a rufe shi sai an cika shi da iska an zuba wa allurar ma'auni ido. In ta sauka ko da kaɗan ne, akwai yoyo. Ranar da ka ga tiyon murhuna ya tsattsage, ba ka yi shawara da ni ba, ka ɗauki almakashina ka datse shi gida uku don kada in mayar. Na yi ta faɗa, kana dariya kana ɗaura sabo. Inna kuwa sai da kuka yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarka, don ka fitar mata da tukunya daga ƙuryar ɗaki zuwa inda iska ke kaɗawa.

A wurin aiki Malam Kumfa suke kiranka, saboda gorar ruwan sabulu da ba ta barin aljihunka. Duk mahaɗar da ka ɗaure sai ka shafa mata ka tsaya kallo ko kumfar yoyo za ta taso. Abokan aikinka kuwa shinshinawa suke yi su wuce, wani ma ashana yake ƙyastawa, ya ce ai ƙwarewa ce.

Ranar Asabar ka zo mini fuska ba walwala. Ka ce kun ja sabon bututu a gidan burodi, daga tukwane zuwa ɗakin gashi da ke ƙasan bene. Ka roƙi ubangidanka a gwada kafin a rufe, ya ce: "Kai ne za ka koya mini aiki? Littafi ya hau maka kai." Ya sa aka zuba siminti. Na ce ka yi haƙuri, saura kaɗan ka karɓi takardarka ka rabu da shi. Wannan shawara tawa ce, kuma da ita zan kwana har ƙarshen raina.

Ranar Talata da safe aka bugo daga gidan burodi, wari ya ishe su. Ubangidanka yana wurin cin abinci, bai tashi ba, ya tura ka kai kaɗai, kai da ba ka da takarda. Matan da ke kwaɓa fulawa sun ba ni labari da bakinsu. Su bakwai ka fitar, ɗaya ma sai da ka finciko ta tana neman takalminta. Ka rufe tukwane. Ka gaya wa manajan gidan sau biyu kada a taɓa komai na lantarki, sannan ka sauka buɗe tagogi. Shi kuwa gogan, burodinsa yake tunani. Ya tsaya a saman matakala, ya miƙa hannu ya danna fanka wai warin ya fita da wuri. Wuta ta tashi kana ƙasa, shi girarsa kawai ta babbake.

Ubangidanka ya zo zaman makoki da babbar riga, ya zauna a gaba, yana gaya wa mutane: "Yaran yanzu akwai gaggawa. Da ya jira ni, da ba haka ba." Na fito daga cikin mata na tsaya a kansa, na ce: "Ka gwada bututun kafin ka binne?" Ya sunkuyar da kai ya ce: "Baiwar Allah, ƙaddara ce." Inna ta ja mini zane. Na yarda da ƙaddara fiye da shi, amma ba ƙaddara ce ta kwaɓa siminti ba.

Washegari na je ofishin masu ba da takardar shaida, na zauna na ƙi tashi. Jiya suka fasa daɓen. Mahaɗar da ubangidanka ya ɗaura da hannunsa ko zama ba ta yi ba, da guntun robar taya ya naɗe ta. Yanzu ana neman jerin sauran gidajen da ya yi wa aiki, shi kuma ya kashe waya.

Ku kuma abokan koyon Auta biyu da kuke tsaye ranar Asabar, kun ji abin da ya faɗa, kun ji amsar da aka ba shi, kuka yi dariya. An kira ku ofis kun ce ba ku tuna ba. Ku je ku zauna jarrabawarku, ku rubuta amsoshi masu kyau. Amma ku sani akwai gidajen da yara ke rarrafe a kan irin wannan daɓen, kuma kun san ƙofofinsu.

Ya Allah Ka jiƙan Auta, Ka gafarta masa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka sa zafin da ya sha ya zama kankarar zunubansa. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da amaryarmu matarsa, da 'yarsa da har yau take leƙa ƙofa in ta ji ƙarar babur. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya abin da ya bari.

Dangi sun ce in yafe, a bar wa Allah. Na bar wa Allah. Amma ban yafe ba.