Inci Ɗaya da Rabi a Kafaɗar Ummi

Babana tela ne, kuma shekara arba'in da ɗoriya bai ɗinka komai ba sai kayan makaranta. Ba ya taɓa kayan ado, ya ce ba zai iya da "rage min nan, ƙara min can" ba. Shagonsa ɗan mitsitsi ne a bakin titin da yara ke bi zuwa firamare, tsakanin mai aski da mai gyaran fanka. Keken ɗinki ɗaya ne a ciki, na ƙafa, sai teburin yanka da gefensa ya lotse, sai benci guda da yara ke cikawa duk farkon shekarar karatu. A ƙarƙashin teburin nan na girma, ina tsince allurai da mayen ƙarfe.

Dokokinsa biyu ne, kuma duk unguwa ta haddace su. Ta farko, ba ya ɗinka wa yaron da bai gani a tsaye ba. Ko ka kawo awo a rubuce, ko ka kawo tsohuwar riga ka ce a yi irinta, sai ya ce, "Je ka zo da mai jikin." Ta biyu, duk abin da ya ɗinka sai ya bar rarar yadi a naɗe ta ciki, a ƙafar wando, a bakin siket, a gefen riga, saboda yaro ba ya tsayawa inda aka auna shi. Baɗi in an dawo sai ya farke kalmasar ya saki inci biyu, kaya su sake shekara. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta sha ce masa shi kaɗai ne telan da ke korar cinikinsa da hannunsa.

Sai zamani ya juya. Kayan kanti suka fara cinye masa rabin aiki, daga baya kuma makarantun intanet suka shigo, yara suna karatu daga ɗakunan iyayensu. Wasu makarantun sun ce dole yaro ya sa rigar makaranta a gaban kyamara, amma me kyamara ke gani? Daga ƙirji zuwa sama. Iyaye kuwa ba wawaye ba ne. Sai aka koma kawo wa Baba ɗinkin riga zalla, babu wando, babu siket. Ya kan zauna yana kallon yadin wanduna da ya yi ƙura a kan kanta, ya ce, "Yanzu rabin yaro ake kaiwa makaranta."

Ni ma ina cikin masu kai rabin. 'Yata ɗaya ce, mun sa mata sunan mahaifiyata, shi ya sa muke ce mata Ummi, Baba kuma yana ce mata Uwargida. Babanta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai kwana a gida ba. Ni kuma ina aiki a ofishin da ke amsa kiran masu ƙorafi, daga safe har yamma abu yana saƙale a kunnena, mutanen da ban taɓa gani ba suna zagina a kan laifin da ban yi ba, ina ce musu "a yi haƙuri". Makarantar Ummi ta da mota biyu ake shiga kafin a kai. In kai ta in makara, in ɗauko ta a ce na gudu daga aiki. Na gaji, wallahi na gaji. Da ta cika shekara goma na sa ta a makarantar intanet, na roƙi maƙwabciyata ta riƙa leƙa ta.

Kuma kada wani ya ce min makarantar ba ta da kyau. Tana da kyau. Lissafin da ke sa Ummi kuka ya zauna mata, malamarsu mai haƙuri ce, tana kiran kowane yaro da sunansa. In na dawo da yamma sai in tarar da ita a kujera, fuskarta a kwamfuta, abin ji a kunne irin nawa. In ce, "Kin ci abinci?" Ta ɗaga min hannu. In wuce kicin. Idan ta tashi kuma ta zura doguwar rigar nan tata mai kama da buhu, don ta kai shekarun da ko ni ba ta yarda in ga ta canza kaya.

Shekarar farko na kai ta wurin Baba ya auna ta. Shekara ta biyu rigar ta ɗauke ta, don ya bar rara. A ta uku ta matse, ni kuma babu ranar da zan ratsa gari da ita. Na ɗauki tef na auna ta tana zaune tana rubutu, na kira shi na karanta masa lambobin.

"Kawo ta dai," in ji shi.

"Baba, don Allah. Jikarka ce fa, ba baƙuwa ba. Ka rufe ido ma ka san ta."

Ya ce to. A kaina ya karya dokar da bai taɓa karya wa kowa ba.

Riga ta iso a leda, an goge ta tsaf, shuɗiya, da bajon makaranta a aljihu. Ummi ta sa. Kwalar ta zame gefe guda, layin maɓallan ya karkace, gefen hagu ya fi na dama sauka. Na ja, na daidaita, ta motsa, ta koma yadda take. Na mayar masa. Ya sake wata. Ita ma haka. Ya kira ni ya ce, "'Yar nan, ki kawo min Uwargida in gan ta a tsaye."

Ranar wani mutum ya yi minti arba'in yana surfa min ashar a waya, an kuma rubuta min takardar gargaɗi saboda na ɗaga murya. Ni kuwa bakin uwata na gado, ban gado haƙurin ubana ba. Na ce, "Haba Baba! Riga ɗaya sai an yi ta safa da marwa? In idon ne ya gaji ka faɗa mana mu sayo ta kanti, ba abin kunya ba ne. Kowa yana tsufa."

Baba ya ce, "To. Allah ya yi miki albarka." Ya kashe.

Na sayo ta kanti. Ita ma ta karkace, na ce ai dama kayan kanti sai a hankali, na soka mata fil a kwala. Kun ji irin wautar da gajiya ke sa mutum. Abu yana gabana ƙiri-ƙiri, ni ina neman fil.

Abin da ya faru a shago daga baya mai aski ya ba ni labari. Ya ce sati biyu Baba bai taka keke ba. Mutum biyu sun kawo ɗinki ya ce su kai gaba, wai hannunsa ya daina yin daidai. Yana zuwa da safe ya buɗe, ya zauna, ya rufe da yamma. Rana ɗaya sai ya ɗauko rigar da na mayar, ya farke ta gaba ɗaya, ya ɗora ɓarin hagu a kan na dama. Da yake ya daina yarda da idonsa, sai ya kira mai aski ya ce ya karanta masa tef. Suka auna kafaɗa, suka auna hannu, suka auna gefe. Ko zare ɗaya babu bambanci. Mai aski ya ce Baba ya daɗe yana kallon yadin, sannan ya ce, "Da ma laifina ne da ya fi min sauƙi."

Washegari ranar hutuna ce, ina wanki, Ummi tana aji. Na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Baba ne, da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya shiga mota biyu ya hau bene hawa uku, tef a wuya, doguwar rularsa ta katako a hannu kamar sanda. Kunya ta kama ni, na fara 'yan kame-kame, ga ruwa, ga kujera. Bai kalle ni ba. Ya shiga ɗakin Ummi ya zauna a bakin gado, inda kyamara ba ta kaiwa, ya jira. Malama tana ta bayani, yara goma sha biyar a 'yan akwatuna, kai da wuya, kai da wuya. Sai da aka ba su hutun minti goma ya yi magana.

"Uwargida, ba gaisuwa? Ko kin yi sabon miji a cikin kwamfutar?"

Ta yi dariya. "Kai Kaka, wa zai tsaya da tsoho mai gwiwa ɗaya?"

"To tashi tsaye in ga abin da zan rasa."

Ta tashi. Ya ce ta juya masa baya, ta saki hannuwa, ta daina dariya. Ya ɗora rular a kan kafaɗunta.

Rular ta kwanta a karkace, kowa zai gani, ko makaho ya shafa zai ji. Ya auna daga kafaɗa zuwa ƙugu ta dama, ya auna ta hagu, ya miƙo min tef ɗin da babban yatsansa a kan wurin. "Karanta min. Idona ya gaji."

Inci ɗaya da rabi. Na sa hannu na shafa bayanta ta saman riga, abin da rabona da yi har na manta. Ƙashin bai tafi a miƙe ba, ya lanƙwasa gefe, kuma allon kafaɗarta na dama ya turo waje. Na ce, "Ummi, ba ya miki ciwo?" Ta ce wani lokaci, in ta daɗe a zaune, amma ta ga kullum ina dawowa a gajiye. Na zauna a ƙasa. Daga kwamfuta malama tana kiran sunanta, hutu ya ƙare.

Likitan ƙashi ya sa aka ɗauki hoto, ya ɗaga shi ya nuna min. Na tambaye shi ko kujerar ce, ko kwamfutar ce, don ina neman abin da zan fasa. Ya ce a'a, ba zama ke kawo shi ba, yakan zo wa wasu yara ne lokacin da suke tsawo, musamman mata. Sai dai yawanci akan lura da wuri, wani ya gani a wurin wasa ko a layi. Ya ce, "Wa ya gano?" Na ce kakanta, tela ne. Ya gyaɗa kai. Ya ce za ta sa wata rigar roba mai tauri a ƙarƙashin kaya, kusan duk yini, har ta gama girma. Na ce za ta miƙe? Ya ce kada in sa rai da wannan. Aikin robar ta hana shi ƙaruwa ne, in an dace ba sai an kai ga tiyata ba. Da an zo bara, da lanƙwasar ba ta kai haka ba.

Bara ina ina? Ina gidan. Kullum ina gidan, muna kwana ɗaki yana kallon ɗaki.

Ban cire ta daga makarantar ba, in cire ta in kai ta ina? Aikina bai canza ba, motocin nan biyu ba su zama ɗaya ba. Abin da ya canza, duk yamma in na dawo sai ta tashi tsaye mun gaisa, ko tana tsakiyar aikin gida. Tana tsaki, ina cewa ta yi ta yi.

Da aka gama haɗa robar, babu rigar da ke hawa kanta. Ranar Asabar na ɗauke ta muka je shago. Baba ya auna ta a tsaye, da robar a jikinta, yana tsokanarta wai ta zama kunkuru. Ya shimfiɗa yadi, ya zana da alli, na ga ya zana ɓarin hagu daban, na dama daban. Shekara arba'in yana ninka yadi biyu ya yanka lokaci ɗaya, ranar ya yanka ɗaya-ɗaya. Ya kuma sauko da yadin da ya yi ƙura ya yanka mata siket, ban ce a yi ba, ban kuma hana ba.

Da ya zauna a keke ya yi ta ƙoƙarin zura zare, sau uku yana kuskure ramin. Ya miƙo min.

"Zura min. Ai ba ƙarya kika yi ba, idon ya gaji."

"Baba, ka yafe ni."

"Zura dai, rana tana yi."

Na zura. Ya taka keke, ni da Ummi muna kan bencin yara muna jira, mai aski yana leƙowa yana murna ya ji ƙarar ta dawo. Da ta sa rigar, kwala ta zauna daram, maɓallai suka sauka a layi ɗaya. Wanda bai sani ba ba zai ce akwai komai ba.

Yana naɗe min ita a leda sai ya juyo cikin rigar, ya nuna min ɗinkin gefen hagu, inda ya naɗe yadi ya danne da ƙananan ɗinki masu sauƙin farkewa.

"Kin ga nan? Na bar mata inci ɗaya da rabi a ciki. Ranar da ta miƙe sai ki kawo in saki."

Ban gaya masa abin da likita ya ce ba. Na karɓi ledar na ce, "To Baba, zan kawo ta."