Hanyar da Aka Ce Tana Riƙe da Kanta

Mai gyaran hanya ya dasa dutse a tsakiyar rafi, ya hau kansa da ƙafa biyu, dutsen ya motsa, ya tumɓuke shi ya nemo wani. Haka yake yi tun yana da baƙin gashi. Yanzu furfura ta gama cin kansa, gwiwa ta ƙi, kuma daminar bana ce ta ƙarshe da zai yi a bakin aiki.

Hanyar ta ƙafa ce. Ta tashi daga gindin dutse inda motoci ke tsayawa, ta kutsa kurmi, ta tsallake rafi nan da can, ta hau har inda gajimare ke shafar fuskar mutum, sannan ta gangara kwarin kogi. Mutanen gari kan zo ranar hutu da jakunkunan goyo da sanduna. Su hau, su sauko, su koma gida suna ba da labarin kyan daji. Ba sa ba da labarin tsohon. Yawancinsu ba su san da shi ba. Waɗanda suka san shi, Baban Hanya suke ce masa.

Da gari ya waye yakan shafa man zafi a gwiwa, ya ɗaure ta da tsumma, ya ɗauko diga da adda a bayan ƙofa. Takalmansa na roba a waje suke kwana, don matarsa ta hana su shiga ɗaki tun shekarar aurensu.

Takan ce, "Laka ta tsaya inda ta saba. Kai na aura, ban haɗa da dutsen ba."

Shi kuma ya ce, "To."

Iyakar hirarsu ta safe ke nan.

Babban abokin gabar hanyar dutse ruwa ne. In ya samu hanya ya bi ta, damina ɗaya ta ishe shi ya mai da ita kwazazzabo. Saboda haka a duk gangare tsohon ya haƙa ƙananan magudanai a karkace, masu kama ruwa su karkata shi cikin ciyawa. Ganye ya cika su, ya yashe. Yashi ya toshe su, ya yashe. Kowa gudun ruwan sama yake yi, shi kuwa lokacin yake hawa, don a lokacin ne yake ganin inda ruwa ke son bi.

Wannan kowane mai gyaran hanya zai iya. Abin da ya zama nasa shi kaɗai shi ne ɓoye hannu. In ya yi haƙa, sai ya kwashe jar ƙasar ya kai nesa, ya watsa busasshen ganye a wurin. In ya dasa dutse, gefen da ke da gansakuka yake juyowa sama. In iska ta kayar da itace a kan hanya, ya sare shi, ya ja guntayen can cikin kurmi, ya shafa laka a fuskar saran don kada farin itace ya nuna. Mai shayin da ke gindin dutse ya taɓa tambayarsa dalilin wannan ƙarin wahala.

Ya ce, "Mutum ya baro gari don ya huta da ganin aikin mutum. Sai in biyo shi daji in nuna masa nawa?"

Mai shayin ne ya ba da labarin wani mai ɗaukar hoto da ya sauko yana ta rantsuwa. Wai ya ga wasu duwatsu a bakin magangarar ruwa sun jeru kamar matakala, ikon Allah, babu hannun kowa. Ya nuna wa kowa hoton, har da tsohon da ke zaune a kan benci yana hura shayi. Duwatsun nan kuwa tsohon ne ya ɗauko su a bayansa daga gindin kogi, ɗaya bayan ɗaya, rani guda cur. A nan gwiwar ta fara. Ya duba hoton, ya ce, "Ya yi kyau," ya ci gaba da shan shayinsa. Mai shayin ya ce bai taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ma tana da nata labarin. Wani mutum ya zame ya karye a kwarin kogi, aka ɗauko shi a kan gadon ɗaukar majinyaci. Akwai wata kwana a jikin dutse da take jin tsoro, don a ganinta masu ɗauka ba za su iya juyawa a wurin ba. Da suka isa sai suka wuce lafiya lau, gadon bai ko goga dutse ba. Ta ce sa'a suka yi. Ba sa'a ba ce. Tun shekarun baya tsohon ya yanko sanda mai tsawon gadon, ya bi hanyar da ita daga sama har ƙasa, duk kwanar da sandar ta maƙale ya fasa ta da guduma. Sannan ya shafe wurin da laka kamar yadda ya saba.

Baban Hanya, kai ne wanda aka taka aikinsa ba a ga sawunsa ba. Kai ne ka sa tsohuwa ta tsallake rafi da busasshiyar ƙafa, ta ɗauka ƙarfinta ne ya dawo. Ba ka nemi a sani ba, ba a kuwa sani ba. A nan matsalar ta fito.

Yana da ɗa, babban mutum mai mata da 'ya'ya. Ya yi zaman gari bai karɓe shi ba, ya dawo gida ya bi uban aiki, ana ɗaukarsa na wucin gadi in damina ta yi ƙarfi. Ya koyi komai, har ɓoye hannun. Kowa ya ɗauka in tsoho ya sauka, ɗan zai hau.

Da ranin da ya wuce ofishin gandun daji ya turo kwamiti su duba waɗanne hanyoyi ke bukatar ma'aikaci na dindindin. Mutanen kirki ne. Sun gaishe shi da ladabi, sun bi hanyar da ƙafarsu har kwarin kogi, shi yana gaba, ɗan yana baya da gorar ruwa. Ba su ga haƙa ba. Ba su ga sara ba. Ba su ga ko da ɓurɓushin siminti ba. A bakin kogi shugabar kwamitin ta zauna ta cire takalmi, ta ce, "Baba, wannan hanya ai ita ke riƙe da kanta. Tana ba ka wahala kuwa?"

Duk tsawon aikinsa ba a taɓa gaya masa magana mai daɗin wannan ba. Ya gyara tsayuwa, ya ce, "Ko kaɗan."

Ɗan ya yi tari a bayansa. Tsohon bai juya ba.

Ba a daɗe ba shugaban ofis ya kira shi. Ya ba shi kujera, ya rufe ƙofa, ya kashe fanka don takardu na tashi. Ya ce an yanke shawara in ya sauka ba za a ɗauki wani ba. Ma'aikatan sun yi ƙaranci, akwai hanyoyin da ruwa ya cinye, can za a kai hannu.

Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa bai ci tawa ba ne don ina nan."

"Na sani, Baba. Ni na sani. Amma su abin da suka gani suka faɗa, kuma kai ka tabbatar musu da bakinka." Ya juya biro a hannunsa. "Za su dawo bayan damina kafin a rufe maganar. In sun ga ɓarna, za su sake tunani. Ban ce ka yi komai ba. Na dai gaya maka lokacin da za su dawo."

A gida, da ɗan ya ji labari, bai ɗaga murya ba. Ya zauna a bakin gadon uban, yana kallon digar da ke bayan ƙofa.

"Baba, da kalma biyu ka sallame ni."

"Tambayata aka yi."

"Ka ce ko kaɗan. Gwiwar nan fa? Daga tsani ka faɗo?"

Matar ta shigo da ruwan ɗumi a roba ta dire a gaban mijin. Ta ce, "Bar shi. Mutumin da ko zazzaɓi ke kaɗa shi in ka tambaye shi zai ce iska yake sha."

Sai ɗan ya faɗi abin da ke ransa. Gangaren da ke saman rafi na farko, shi ne kwamiti zai fara gani. A bar magudanansa damina ɗaya kada a yashe. Ruwa zai bi hanya, ya kwashe matakala, ya buɗe rami. Za a kafa allo a ce an rufe wurin, kowa ya koma. Kwamiti su zo su gani, a fasa soke aikin, shi kuma da rani ya gyara komai da hannunsa.

"Mutane ba sa karanta allo," in ji tsohon. "Su tsallake shi suke yi su ɗauki hoto."

"Zan tsaya a wurin da kaina."

"Ƙasar da ruwa zai kai kogi, kai za ka je ka dawo da ita?"

"In babu ma'aikaci, Baba, baɗi ruwan zai kwashe ta duka. Ba gangare ɗaya ba, duka. Ka ba shi kaɗan yanzu ka tsirar da sauran."

Gaskiya ɗan ya faɗa, kuma tsohon ya sani.

Washegari ya hau shi kaɗai, ya zauna a saman gangaren. Ya daɗe. Ya tuna fuskar shugabar kwamiti, da yadda kansa ya kumbura a bakin kogi. Da ya durƙusa ya ɗage ganye ya nuna mata magudana ɗaya, da an gama. Da ya ce wa ɗan, zo ka nuna musu tafin hannunka. Bai yi ba. Ya so a ce hanyarsa ba ta da tabo, aka kuwa ce. Ya tuna jikokinsa. Ya kalli magudana ta farko, ganyen rani ya cika ta taf. Ya ce a ransa yau dai zai bar ta ya ga yadda abin yake. Ya tashi ya fara gangarowa. Bai yi nisa ba ya tarar da kansa ya koma yana ture ganyen da diddige. Ya tsaya yana kallon ƙafar tasa kamar ta wani.

Baban Hanya, an gode. An gode da duwatsun da ka ɗauka a baya, da damunan da suka ƙare a kanka, da gwiwar da ka bari a gangare. Ka yi kuskure a bakin kogi, girman kai ne, kuma ɗanka ne ke biya. Wannan ba ya goge ko dutse ɗaya daga cikin waɗanda ka dasa.

Ku kuma masu hawa, ga naku. In kun ga ɗan rami a karkace ya ratsa hanya, ba zomo ne ya tona ba. In ganye ya cika shi, ku ture da ƙafa, ba zai rage muku komai ba. In kun taka dutse a rafi bai motsa ba, ku sani wani ya riga ku taka shi. Kwamiti zai dawo bayan damina. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan ya sauko lafiya, ya je ofis ya faɗa da bakinsa cewa akwai hannu a cikinta, tunda mai hannun ba zai faɗa ba. Ko za su saurara, Allah ne masani. Kuma duk mai sana'a ya yi koyi da shi wurin gyara abin da ba mai dubawa, amma in an tambaye shi ko akwai wahala, ya faɗi gaskiya.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Talata da safe. Tsohon ya shafa man zafi, ya ɗaure gwiwa, ya miƙa hannu bayan ƙofa. Diga ba ta nan. Ɗan yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da ita, ruwa na zuba a kafaɗarsa daga bakin kwanon rufi.

"Koma ka kwanta, Baba."

"Ba ni."

"Damina ɗaya. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Matar ta taso daga gindin murhu, tana goge hannu da gefen zane. Wannan karon ba ta yi zolaya ba. Ta ce, "Maigida, dutsen nan ya ci ƙuruciyarka ban ce uffan ba. Ka dubi yaron nan. Ka dubi 'ya'yansa."

Tsohon ya dubi ɗan. Ya daɗe yana dubansa. Can sama aka yi tsawa, ruwan ya ƙara ƙarfi. Ya san yanzu ganyen ya fara taruwa a bakin magudana ta biyu.

Ya raɓa ta gefen ɗan ya fita, ya zauna a dakali ya zura takalmansa, ruwa na dukansa. Ya ɗauki guntun katako a gindin katanga, ya gwada bakinsa da babban yatsa.

"Baba, don Allah. Ka bar hanyar nan."

"Riƙe digar," in ji shi. "Hanya kam ba zan bar ta ba."