Ruwa a Tankin Sabon Mashin

A wajenmu yanzu, mutum kan ji mashin kafin ya gan shi, kuma yana jin sa yake fara ƙirge. Ɗaya, ɗan kabu-kabu ne ko baƙo. Biyu, 'yan kasuwa ne. In ƙarar ta wuce uku, kuma daga gabas take tahowa, ba wanda ke tsayawa jiran na huɗu. Mata su kwashi yara, maza su bar fartanya inda take. Haka muka koma a ƙasar Wurno tun da mutanen daji suka fara shigowa da bindigogi, kuma ba mu cika kiransu da wani suna ba sai wannan, shi ma a hankali.

Inna, mahaifiyarmu, idonta ya yi rauni, amma kunnenta ya fi na kowa a gidan. Ta san mashin ɗin yayana tun yana bakin gari. Ba abin mamaki ba ne, don ko kurma ya san shi. Tsoho ne mai kafireta, wato ɗan ƙoƙon ƙarfen nan na gefen inji inda mai da iska ke haɗuwa kafin su shiga ciki. Yakan yi tari biyu a kwanar masallaci, ya yi kamar zai mutu, sannan ya ja. Inna na jin tarin sai ta ce a sauke tuwo.

Yaya manomin albasa ne, bai taɓa zama a garejin kowa ba. Amma a ƙarƙashin kujerar mashin ɗinsa akwai tsumma mai ƙulle da abu uku: sukundireba, filaya, da sifanar kwance fulogi. Mako ba ya ƙarewa bai kwance ƙullin nan ba. Man da muke samu na kwalba ne, daga hannun 'yan bumburutu, kuma da damina ba ya rasa ruwa ko ƙasa. Mashin na fara shaƙewa zai ce ruwa ne, ko ya ce datti ne, tun bai sauka ba. Sai ya tsuguna, ya murɗa wata 'yar kusa a gindin kafireta, mai ya zubo a tafin hannunsa, ya nuna maka ɗigon ruwa yana yawo a ƙasan man. In datti ne, ya zaro ɗan ƙarfen da mai ke bi, ya sa a baki ya hura, ya ɗaga shi sama ya leƙa har ya ga haske ta hudar. Kafin ka gama tsaki ya buga ya tashi.

Ni kuwa na yi tsakin ba adadi. Malamin firamare ne ni, ina da farar riga da agogo, kuma na tsani tsayuwa a bakin hanya mutane suna wucewa suna mana sannu. Don haka da Allah ya hore mini, na tafi Sakkwato na sayo mai injekta. Shi ba shi da kafireta sam. Famfo ne a cikin tanki ke tura mai, wata 'yar na'ura kuma ta auna abin da inji ke bukata ta fesa masa. Kana murɗa makulli za ka ji ɗan kuka siriri kamar na sauro, ka danna da babban yatsa, shi ke nan.

Ba zan yi wa mashin ɗin nan ƙazafi ba, ko yau. Ya fi na Yaya ta kowace fuska da za a iya ƙirgawa. Da sanyin asuba, lokacin da Yaya ke bugun nasa har gumi ya keto masa, nawa dannawa ɗaya ne. Man da zai kai ni Goronyo in dawo, shi sai ya ƙara a hanya. Shekara biyu cur ina hawansa, ban da canjin baƙin mai ba abin da aka yi masa. Wannan ne abin alfaharina, kuma na faɗe shi a majalisa har mutane suka haddace: ban taɓa kwance masa ko kusa ɗaya ba.

Wata rana muna dawowa daga Rimawa, inda muka je neman irin albasa, mashin ɗin Yaya ya tsaya. Na juyo na same shi a tsugune, bakinsa duk warin fetur.

Na ce, “Yaya, wanga ba mashin ba na, majinyaci na. Kai ko ka zama mai jinya.”

Ya tofar da yawu ya ce, “Na yarda, Malam, naka bai ciwo. Amma ran da yac ce a'a, da mi za ka lallashinai?”

“Ranar ba ta zuwa.”

Yaya ya ɗaga kai. Ya dubi hanya gaba da baya, yadda kowa ke yi yanzu in ya tsaya a inda ba gida, sannan ya mayar da kusar.

Ƙarshen damina ne lokacin da muka fi tsoro. Gero ya yi tsawo ya wuce kan mutum, hanya ta koma kamar lungu, ba ka ganin abin da ke taku goma daga gefenka. A irin wannan lokacin aka aiko cewa ƙanen Inna ya rasu, a wani ƙauye can bayan Rabah. Ba yadda za a yi a ce ba wanda ya je daga ɗakinta. Ni ina da jarrabawar yara a ranar, don haka tafiyar ta faɗa kan Yaya. Kowa ya san ƙa'idar hanyar: ka tafi da hantsi, ka yi gaisuwa, ka juyo da azahar. Akwai wani yanki tsakanin ƙauyen da Rabah, daji da gonakin da aka daina nomawa, wanda ba a so la'asar ta riski mutum a ciki.

An kwana ana ruwa. Da safe tsohon mashin ya ƙi tashi. Yaya ya buga, ya buga, ya ja cok don rage wa inji iska, ya tsuguna ya kwance tsummansa. Na san minti goma zai yi ya tayar da shi, na ga hakan sau ɗari. Amma ina tsaye da farar rigata, Inna tana bakin ƙofa tana sauraro, sai na ji haushi da tsoro sun haɗu mini wuri guda. Na ce a raina, in abin nan ya yi masa haka a dajin can fa? Na zaro makullina na miƙa masa.

“Ɗauki nawa. Wagga hanya ba ta majinyaci ba ta.”

Ya ce, “Bari dai, yanzu shina tashi.”

Na nace. Na kira Inna shaida, na ce ta faɗa masa. Ita ba ta san kafireta ba, ba ta san injekta ba, abin da ta sani shi ne ɗaya yana tsayawa ɗaya ba ya tsayawa. Ta ce ya karɓa. Ya karɓa don ita, ya ɗauki tsumman kayan aikinsa ya sa a aljihu. Ganin tsumman ne ya sa bakina ya ƙara gaba, kuma da dariya na faɗa, maƙwabta biyu suna ji.

“To hawa kawai hwa, Yaya. Kak ka taɓa mai komi. Wanga ba irin naka na ba da aka hura ma baki, in ka ɓalla wani abu sai Sakkwato.”

Ya yi murmushi ya ce ya ji. Ya danna, mashin ya tashi lafiya lau, ya fita ba ƙara. Inna ta ce ita ba ta ma ji fitarsa ba.

Na taso daga makaranta da azahar. Da la'asar na fito ƙofar gida na zauna, wai ina duba takardun yara. Na yi lissafin hanya a kaina ya fi sau goma: in ya juyo da azahar, yanzu ya wuce Rabah, in sun tsare shi cin abinci, yanzu yana shiga Rabah. Na kira wayarsa, ba ta shiga, amma can dama ba ta cika shiga ba, na riƙe wannan na yi ta jan rai da shi. Mashin ɗaya ya wuce, na mai kifi ne. Wani ya wuce, ɗan kabu-kabu. Rana ta yi ja a kan geron bayan gari.

Inna ta sa aka fito mata da tabarma zaure. Ta karkata kai wajen hanya, can ta ce da ni, “Naka ɗin, yaya kukanai yake? Ban san abin da nika saurare ba.”

Tsohon mashin yana jingine a bango kusa da ita, wanda ta san tarinsa, kuma ni na hana shi fita. Aka kira magariba, ba wanda ya ce a sauke tuwo.

Da gari ya waye muka tafi, ni da wasu 'yan uwa da 'yan sintirin yankin. A tsakiyar dajin nan muka same shi, mashin ɗin, kwance a gefen hanya, makulli a jiki. Ƙasa duk sawun tayoyi ne masu yawa. Mutanen daji sun gwada tayar da shi, ga alama, ya ƙi su ma, suka ture shi suka tafi da mutum. An cire murfin gefe an jingine shi da kyau a gindin wata sabara, kusoshinsa a ciki don kada su ɓata. Kusa da shi ga tsumman Yaya a shimfiɗe, sukundireba, filaya, sifana, a jere yadda ya saba jera su. Na tsuguna na tattara su, na ƙulle tsumman.

A ƙauyen an ce ya juyo da azahar daidai, bai yi latti ba. Ya dai ƙara kwalbar mai ɗaya kafin ya taso, don kada ya dawo mini da tanki a ƙasa.

Muka ɗora mashin a mota zuwa Sakkwato, ba don ina son ganinsa ba, sai don zama a gida ya gagare ni. Bakaniken bai ɗauki lokaci ba. Ya ce ruwa ne a cikin mai, ya kwanta a gindin tanki inda famfo ke zuƙa. Sai ya sa hannu bayan inda murfin gefen yake, ya kama wata baƙar roba da ta fito daga tanki, ya matse wani ɗan maɗauri da yatsa biyu, robar ta fita. Ya murɗa makulli, famfon ya yi kukansa ya tofo ruwa da mai a ƙasa. Ya kashe ya sake murɗawa, haka har man ya fito garau. Ya mayar da robar, ya danna 'yan lokuta, mashin ya tashi. Ko sifana bai ɗauka ba. Ya ce, “Ba ka san wurin ba? Shekara nawa kana hawa?” Na ce biyu.

Yaya ya yi mako biyar a hannunsu. Yadda aka yi ya fito ba zan rubuta ba, dangi sun yi abin da suka yi, Allah ya saka musu. Ya dawo a rame, ƙafafunsa a kumbure, da shatar igiya a wuyan hannu. Bai ba da labari ba, mu ma ba mu tambaya ba. Abin da na lura shi ne, in mashin ya wuce a waje, leɓensa na motsi, yana ƙirge. Ni kuwa kullum ina jiran ya ce mini wani abu, ko zagi ne, bai ce ba. Ya ci gaba da kirana Malam kamar da, wannan kuma ya fi zagin ciwo.

Sai bayan an fara dashen albasa, wata safiya ina goge mashin a tsakar gida, ya fito ya tsaya a kaina.

Ya ce, “Ruwa na, ko?”

Na ce, “Ruwa na, Yaya.”

Ya gyaɗa kai, har fuskarsa ta ɗan saki, kunnensa bai yi masa ƙarya ba. Ya ce, “Tun shaƙewar farko na sani. To ina bakinai, inda ruwan ka hita?”

Na so in ce ban sani ba. Amma na ɗauko sukundirebarsa, wadda ke wurina tun ranar, na cire murfin gefe, na nuna masa baƙar robar da maɗaurinta. Na ce ba ta son ƙarfe ma, yatsa biyu ne.

Ya tsuguna a hankali saboda ƙafafun. Ya sa yatsa biyu ya matse, robar ta fita. Ya mayar, ya sake matsewa, ta sake fita. Ya daɗe yana kallonta a hannunsa. Inna na zaune a ƙofar ɗaki, ta karkato kai wajenmu.

Ya ce, “Na gan ta. Hannuna na kanta, na daɗe riƙe da ita, tun ban fara jin mashinansu ba.” Ya mayar da robar wurinta, ya goge yatsunsa a riga. “Sai nit tuna ka ce kar in taɓa.”