Mazarƙwailar Aljihu

Duk unguwarsu a Bhavnagar an san Jasumati da dal ɗinta, miyar ɓarzajjen wake mai tsami da gyaɗa da ɗan dunƙulen mazarƙwaila. Tun tana amarya ba ta yarda kowa ya sa mata hannu a tukunya. Sai likita ya ce mijinta yana da ciwon suga, ɗansu Dhiren ya kwashe mazarƙwailar gidan kaf.

Ta dafa babu ita, ta ɗanɗana, ta tofar. "Wannan ai ruwan wanke tukunya ne!" Amma mijin nata ya shanye tas har da neman ƙari. Ranta ya ɓaci. Ashe harshen katako ta daɗe tana yi wa bauta?

Ranar wanki ta zura hannu a aljihun rigarsa, ta ji danƙo. Mazarƙwaila ce ta narke da gumi, ga kiyashi, ga garin taba.

"Baban Dhiren, wannan ƙazantar kake jefawa a miyata?"

Ya sosa ƙeya. "Kaɗan-kaɗan ne."

"Tir! In mutuwar kake so, bari in auna maka da hannu mai tsabta."