Hedimastan da Ke Zama a Kan Takardu

Duk wanda ya yi firamare a Illela farkon samun mulkin kai ya san Malam Labbo ya fi tsawo a zaune. A tsaye gajere ne, saman allo ma sai ya yi ɗage yake kai wa. Amma da ya hau kujerarsa ta hedimasta sai ka ga ya ƙaru, domin duk takardar da motar Sakkwato ta kawo makaranta ƙarƙashinsa take zuwa, ba ya buɗe ta sai kasuwa ta zagayo. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa na fara malanta, kuma a gabana wannan hali ya kusa raba shi da makarantar da ya tayar tun tana rumfar zana.

Takardu kuwa a lokacin ba a magana. Ofishin ilimi ya aiko, malaman gona su aiko, duba-gari su aiko, ga jarida, ga hotunan manya a manna a bango, kowa kuma cewa yake a karanta wa yara. Ni da na fito kwaleji da zafina, gani nake duk abin da inji ya buga wajibi ne.

"Kawu, wagga an rubuta gaggawa bisa kanta," in ji ni wata rana.

"In gaggawa ta, da mutum sunka aiko. Kawo nan."

Ya ɗan ɗaga jiki, ya tura ta ƙarƙashinsa, ya zauna. Da kasuwa ta zagayo muka buɗe tarin. Ta farko ta ce a riƙa shiga aji ƙarfe bakwai. Ta biyu ta ce a'a, takwas. Ta uku ta ce a manta da waɗancan, a koma yadda ake.

"Ka gani, Ummaru? Umurni ukku na bi, ko gumi ban yi ba."

Sai hukuma ta ba mu rediyo don darasi. Ran farko Kawu ya zauna cikin yara a kan benci, ya naɗe hannu kamar ɗalibin kirki. Mutumin cikin akwati na ta zuba bayanin koguna, Kawu ya ɗaga yatsa.

"Malam, dakata kaɗan. Ɗiyan Kalmalo ba su gane ba."

Mutumin bai dakata ba. Kawu ya sake ɗaga yatsa, ya yi gyaran murya, a banza. Wani ya taɓa makunnin, sai ga Faransanci daga Nijar ya shigo a kan muryar gidan rediyon Kaduna, biyu suna magana lokaci ɗaya.

"Waɗanga ba su sauraren kowa," in ji Kawu. "In ni niy yi haka cikin aji, da an kore ni."

Daga ranar batir ɗaya ya koma aljihunsa, wurin goro. Shi kaɗai zai mayar da shi ya saurara lokacin hutun ƙarfe tara, ya zaɓi abu guda, ya shigo da shi aji ya yi ta juya shi har na ƙarshen benci ya gane. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Kan yaro tulu na, Ummaru, ba tabki na ba." Kuma gaskiya, lissafi da karatu yaransa ba su da na biyu a yankin nan.

Matsalar ta zo da sabon sufeton makarantu, wani saurayi mai tsabta daga Sakkwato. Ya shiga aji bakwai ya tambayi sunan ministan ilimi. Shiru. Na ayyuka fa? Shiru. Ya ce to wa ke riƙe da dukiyar ƙasa? Nan wata yarinya ta ɗaga hannu da ƙarfin hali, ta faɗi sunan babban ɗan kwastan na bakin iyaka.

Da Kawu ya miƙe don ya ba da haƙuri, sufeto ya hangi kujera. A saman tarin ga takardarsa shi kansa, mai cewa a koya wa yara sunayen ministoci, ba a ko yage bakinta ba, ta lafe sumul.

"Ranka shi daɗe, sunayen ga canzawa sukai," in ji Kawu. "Biyu da biyu kau tun ina yaro huɗu ta."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya ce zai dawo bayan hutu. In aji bakwai ba su kawo ministocin Tarayya da na Jihar Arewa kaf ba, za a ba wani makarantar, Kawu ya koma ƙauyen Tozai malamin aji.

Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ran nan, kuma ya ba ni tausayi ƙwarai. Ya kwashe takardun daga kujera, ya koma gajerensa. Ya cika allo da sunaye, ya sa musu karin karatun allo, safe da rana ana rerawa. Har masu fura a bakin danga suka hardace. Shi ne dai kullum yake ba ministan gona aikin na lafiya, yara su gyara masa.

Ana sauran 'yan kwanaki kafin sufeto ya dawo, wata safiya muka tashi gari ya rikice. Sojoji sun yi juyin mulki, an kashe manya, wasu ba a san inda suke ba. Na tarar da Kawu a ofis, ya mayar da batir, rediyo na ta magana.

"Kawu, maganarka ta hito," na ce masa a hankali. "Sufeto ba shi da abin tambaya yanzu."

"Yi shiru, Ummaru. Mutane na, da ɗiyansu."

Ya kashe rediyon ya nufi aji bakwai, na bi shi. Sunayen na nan cike da allo. Na ɗauka gogewa zai yi.

"Ku tashi," in ji shi. "Don tsoron sufeto kunka hardace su, ni ma don tsoro nik koya muku. Yau ku hwaɗo su sannu, ɗaya ɗaya, ba da waƙa ba. Wanda yar rasu Allah shi gahwarta mai, wanda ad da rai Allah shi tsare shi, tunda ba mu san wane da wane ba."

Yara suna faɗa, yana cewa amin, hawaye na bin gemunsa, har suka kai suna na ƙarshe. Sufeto bai sake dawowa ba, Kawu kuma a makarantarsa ya yi ritaya.

Ya Allah, Kawu ya roƙa wa mutanen da bai taɓa gani ba. Ka gafarta wa Kawu Labbo, Ka haskaka kabarinsa, kada Ka sa ya rasa masu roƙa masa.